Gudun Kuɓuta Daga Gidanmu

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya dawo daga jami'a tun makon jiya, har yau ban ga fuskarsa da kyau ba. Jaka ɗaya ya shigo da ita, ba tsaraba, ba hira, ya wuce ɗakinsa ya murza makulli. Umma tana gaya wa maƙwabta wai hutu aka ba su. Hutu ana tsakiyar jarrabawa. Su kuma sai gyaɗa kai suke, "Ayya, gara ya huta," da sun taka bakin ƙofa sai ka ga kawuna sun haɗu. Munafukai.

Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Yau Malam Tabarau, mai koya mana fiziks, ya shigo aji yana haki kamar an biyo shi. Wai kwalejin kimiyya ta kwana, wadda take can wani gari mai nisa, ta ba makarantarmu gurbin mutum biyu. Duk mai so zai ɗauki batu ɗaya ya yi bayaninsa a babban zaure, gaban alƙalai. Wanda aka zaɓa kuma sai uwarsa ko ubansa ya zo da ƙafarsa ya ce ya yarda. Ya zuba 'yan takardu a kwalin alli aka riƙa ɗauka. Madam Na-Sani, wadda take zama a gaba tana amsa tambaya kafin a gama yin ta, ta ɗauko batun baƙin rami na sararin samaniya, ta ƙwala ihu sai ka ce an nuna mata mijinta. Ni na ɗauko gudun kuɓuta.

Ban san lokacin da na tashi na je gaban kwalin ba. Duk ajin ya juyo. Wata ta ce, "Au, dama tana da ƙafa?" Aka kwashe da dariya. Dariyar tasu ma ba ta da daɗin ji.

Ina son zuwa kwalejin nan. Ga shi na rubuta. Ni da ko gishiri ba na iya cewa a miƙo min a kan tebur.

Talata, ƙarfe bakwai saura na safe

Na gaya wa Umma jiya a kicin. Ba ni ta kalla ba, tukunya ta kalla. Ta ce wa tukunyar, "Babu ɗan da zai ƙara barin gidan nan da sunan karatu."

Tukunyar ba ta ce komai ba. Ni ma haka.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ga abin da na fahimta, bayan Malam Tabarau ya cika allo da lissafi ya goge rabi da hannun rigarsa.

Ka jefa dutse sama, ya dawo. Ka ƙara ƙarfi, ya ƙara nisa, ya dawo. Duniya tana jan sa, tana rage masa gudu har ya tsaya ya juyo. Amma akwai wani gudu da idan dutsen ya bar hannunka da shi, jan duniya zai yi ta rage shi bai iya tsayar da shi ba. Ya tafi ke nan. Shi ne gudun kuɓuta. A duniyarmu kilomita sha ɗaya ne da 'yan kai, a cikin sakan ɗaya. Sakan ɗaya fa. Kafin ka ce wash ya wuce filin jirgi.

A duniyar wata kuma kilomita biyu da ɗan ɗori ya wadatar, saboda wata ba shi da nauyin duniya, jansa ba ƙarfi. A duniyar Mas biyar. A Jufita, babbar cikinsu, kusan sittin. A rana sama da ɗari shida, wato kada ma ka fara. Nauyin wurin da girmansa su ne suke yanke hukunci.

Abin da ya ban haushi shi ne nauyin abin da aka jefa ba ya cikin lissafin. Allura da babbar mota gudu ɗaya suke bukata. Ke nan ni da Gwaggo, yayar Abba, wadda kujera take kuka idan ta zauna, kilomita sha ɗaya ɗin nan ce ta kowa. Na ga wannan rashin adalci ne.

A littattafan soyayyar da nake karantawa ba a wannan wahalar. Yarinya ta ɗauki akwati ta fita cikin ruwan sama tana kuka, sai wata baƙar mota ta tsaya, gilashi ya sauka a hankali, ga shi nan, dogo, ba ya fara'a, ƙamshinsa ya riga muryarsa isowa. Ba wanda ya taɓa tambayar ta gudun da ta fito da shi. Na san shirme ne. Na karanta guda biyu a makon nan.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Gwaggo ta zo. Kullum sai ta zo yanzu. Ta cire takalmi, ta sha ruwa, ta nufi ƙofar Yaya kamar mai zuwa aiki.

"Kai ɗan nan, buɗe mu yi magana. Kakarka uwata ce fa. Ni ta haifa, ba kai ba. In ni na iya haɗiye abin a cikina ina maka dariya a waya, kai mene ne naka na kulle kai? Don kai muka yi. Don karatunka."

Ƙofar ba ta buɗu ba.

"To ka ji. Yaran zamani, a yi musu gata su ce an cuce su."

Ta dawo falo ta ce wa Umma, "Ke ma da laifinki, uwar yara. Kin cika lallaɓa su." Ta hango ni a lungu da littafi ta ce, "Ga ɗayar nan, 'yar mafarki. Ke dai ba ki da matsala, ko gidan ya kama da wuta sai kin kai ƙarshen shafi."

Na yi mata murmushi. Na tsani murmushin nan nawa. Fitowa yake da kansa kamar atishawa.

Abba kuwa tunda ya dawo daga shagonsa na tayil yake gyaran famfon kicin. Famfon lafiyarsa ƙalau. Jiya ma ya gyara shi.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

An ajiye masa abinci a bakin ƙofa. An ɗauke shi yadda aka ajiye.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ɗakin Kaka yana nan a rufe a ƙarshen baranda. Umma takan shiga ta share ta fito da sauri.

Kaka ce ta raini Yaya. A ɗakinta yake kwana har ƙafafunsa suka fi katifar tsawo. Tana da wani kwano mai murfi, bakinsa duk ya ɓantare, a ciki take ɓoye masa alewa, ni kuma ta ce haƙorana ba su da ƙwari. Ban damu ba. Ƙarya nake, na damu, amma ba sosai ba.

Mako da makonni yana kira daga jami'a yana cewa a ba shi Kaka. Kaka tana barci. Kaka tana wanka. Kaka ta je ganin likita. Kaka ta sake shiga wanka. Kaka ba ta taɓa yin wanka a rayuwarta kamar yadda ta yi a makonnin nan ba. Gwaggo ce take tsara wanda za a faɗa kowace rana, don kada a maimaita. Sai wani maƙwabci mai saurin baki ya aika masa saƙon gaisuwar rasuwarta.

Sauran ba zan rubuta ba. Ban ma san sauran ba. Ko ya zauna jarrabawar, ko korar sa aka yi, ko shi ya ajiye, ba wanda ya faɗa. A gidan nan ba a faɗa. Idan Abba ya je asibiti, kasuwa ya je. Idan an yi ɓarna, ba komai. Suna kiran wannan kwantar da hankali.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na samo yadda zan nuna abin ba tare da na yi dogon surutu ba. Kwanuka da ɗan ƙwallon gilashi. Ƙaramin farantin kofin shayi shi ne wata: ka ɗan ɗalle ƙwallon da yatsa, ya fice. Kwanon miya shi ne duniya: ya hau gefe ya gangaro, sai ka ba shi ƙarfi sosai. Bahon wanki shi ne Jufita, na ɗalla har farcena ya yi zafi bai fita ba. Zurfin kwanon shi ne ƙarfin jan.

Akwai wani ɗan mitsitsin wata da yake zagaya Mas, Dimos sunansa. Gudun keke ya isa ka bar shi har abada. Na yi ta tunaninsa. Ka hau keke, ka ɗan taka, ka ga ƙasa ta sake ka. Ba Gwaggo, ba zaure, ba alƙalai. A can ya kamata a haife ni. Murfin kwalba na sa masa.

Wata kuma ko iska bai iya riƙewa ba. Duk ta tsere, saboda jansa bai kai ya tsare ta ba, shi ya sa ba a jin sauti a can. Wuri ne da ba wanda zai ce maka don kai muka yi.

Umma ta wuce ta ga kwanukanta a ƙasa. Ta ce, "Wasan me kike da kayan abincina?" Na ce aikin makaranta ne. Ta ce, "Aikin dai." Ba ta hana ba. Ta san yardarta ake jira, ba kwano ba.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Wannan kam sai na rubuta.

Na rasa kwanon da zai zama Mas, tsakanin faranti da kwanon miya. Sai na ɗauko na Kaka a kabad. Na baje kayana a baranda, saitin ƙofar Yaya, don nan ne ƙasa ta fi santsi, ragowar tayil ɗin shago ne Abba ya shimfiɗa, kowane da kalarsa. Kuma na lura gaban rufaffiyar ƙofa kaɗai nake iya magana ba in'ina.

Ƙwallon ya zagaya cikin kwanon, ƙirrr. Sai na ji daga ciki:

"Wa ya ba ki kwanon nan?"

Muryar ta dishe. Na ce, "Ba kowa."

Na jira faɗa. Can ya ce, "Wace duniya ce?"

"Mas."

"Uhm."

Da bai ce in mayar ba sai na ci gaba da haddata. Na kai inda nake cewa dole roka ta kai kilomita sha ɗaya a sakan kafin ta iya barin duniya. Ya ce, "Ƙarya ne."

"Malam ne ya..."

"Malam bai faɗi haka ba, Auta, ke ce kika ji rabi kina tunanin mai baƙar mota."

Ashe ya san littattafan. Na ji kamar ƙasa ta tsage.

Ya ce lambar nan ta dutse ce, abin da aka jefa sau ɗaya aka sake shi, ba mai ƙara tura shi. Abin da yake da inji yana ci gaba da turawa, ko a hankali yake tafiya zai fita, muddin mai bai ƙare ba. Kuma duk yadda ka ƙara nisa, gudun da kake bukata raguwa yake. Ya ce, "Idan suna da hankali nan za su kama ki."

Na ce, "Na gode, Yaya."

Ya ce, "Ki wanke kwanon kafin ki mayar."

Na san abin da marubuciyar littafin soyayya za ta yi da wannan maganar tasa. Shafi uku za ta cika, da hawaye masu ɗumi. Ni ba zan yi ba. Na gyara bayanina kawai.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Farantin abincin Yaya na jiya ya dawo rabi. Umma ta tsaya tana kallon sa kamar sakamakon jarrabawa.

Alhamis, ƙarfe uku da rabi na rana

An yi.

Zauren yana warin fenti da gumi. Alƙalai uku a dogon tebur, biyu maza masu duba agogo, ɗaya mace mai furfura a gaban goshi. Na-Sani ta zo da baƙin ƙyalle da fitila da hotuna, tana yawo a kan dandamali tana juya hannu kamar mai tallan magani. Rabin abin da ta faɗa ba ta san ma'anarsa ba, amma da ƙarfi ta faɗa, aka tafa. Wani ya yi bayanin dutse mai aman wuta, kumfar da ya haɗa ta zube masa a takalmi. Nan ma aka tafa. Mutane za su tafa wa komai.

Da aka kira ni na hau da baho a hannu. Wata ta ce, "Wanki za a yi mana." Na jera kwanukan. Muryata ta fito kamar ta ɗan kyanwa. Na baya suka ce ba sa ji. Na ƙara, suka ce ba sa ji. Sai na daina kallon su, na ɗauka ƙofa ce a gabana, na yi mata bayani. Na ɗalle ƙwallon a farantin wata da ƙarfin da ya fi kima, ya tashi ya faɗa ƙarƙashin teburin alƙalai. Malam Tabarau ya shiga neman sa da rarrafe. Na ce, "Wannan ya kuɓuta." Ban yi niyyar ba da dariya ba, amma mai furfurar ta yi.

Ita ce ta tambaya. Ta ce, "To, 'yata, roka tana tashi daga ƙasa a hankali, muna gani. Ina kilomita sha ɗayan?"

Na ba ta amsa. Ta rubuta wani abu.

Wai za a kira iyayen waɗanda aka zaɓa a waya. Na dawo gida da baho, mai shagon bakin layi yana tambaya ko ruwa aka ɗauke mana.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Ba a kira ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ba a kira ba. Dama me na zata? Mai baho.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Umma ta sayo min littafi. Na soyayya, sabo fil, da ledarsa. Umman da take cewa littattafan nan su ne suka mayar da ni kurma. Ta ajiye a kan gadona ta ce, "Ga shi, ki ɗan huta, kin sha karatu." Gwaggo kuma ta kira ni 'yar albarka, har ta shafa min kai.

Na karanta shi. Jarumin likita ne, kuma matuƙin jirgi, kuma yana da kamfani. Ban san lokacin da yake barci ba.

Ban ji daɗin yadda suke min kirki ba. Na taɓa ganin irin wannan kirkin, a waya ake yin sa.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana, a bayan aji

Na-Sani ce ta tare ni a bakin famfo. "Ke kam kin ban mamaki. A zaɓe ki ki ce ba kya so? Da kin bar wa masu so tun farko."

Na tsaya da kofi a hannu. Ta ce, "Au. Ba ki sani ba?" Karo na farko da na ga bakinta ya mutu.

Na je ofishin malamai. Ban taɓa shiga ba a kira ni ba. Malam Tabarau ya cire tabaraun ya goge, ya ce tun ranar Asabar ya kira. Wata ta karɓi wayar daga hannun Umma, ta ce ita ce babba a gidan, ta ce yarinya ta yi tunani ta ga ba za ta iya nisa da gida ba. Ya ce ya yi mamaki, amma da yake ni ba mai magana ba ce, sai ya ɗauka haka ne. Idan iyayena ba su zo ba zuwa Juma'a, za a ba wanda ya zo na uku. Mai kumfa a takalmi.

Da yake ni ba mai magana ba ce.

Kowa ya samu bakin da zai yi min magana. Bakina ne kawai ba a nema.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Gwaggo tana kan doguwar kujera, Abba yana riƙe da rimot, Umma tana ninke kaya. Na tsaya a tsakiyar falo da kayan makaranta. Na ce, "An kira."

Ba wanda ya ji. Talabijin tana tallan sabulu.

"An kira. An zaɓe ni. Kuka ce na ce ba na so."

Gwaggo ta ce, "Me 'yar mafarkin nan take cewa?"

"Kin ji, Gwaggo."

Ta gyara zama, kujera ta yi ƙara. "To, sai me? Uwarki ta riga ta ce ba za ki ba. Mu gaya miki ki sa rai ki yi ta kuka? Yarinyar da ko mai shago ba ta iya kallo a ido, ita ce za ta je wata uwa duniya? Don ke muka yi."

Sai muka ji makulli.

Yaya ne. Ya rame. Gemu ya fito masa ba tsari, rigar da ya dawo da ita ce a jikinsa. Ya jingina da bango ya ce, "Gwaggo, ni ma don ni kuka yi."

"Kai kuma da ka fito, da rashin kunya ka fito?"

"Ba rashin kunya ba ne. Nisa bai yi min komai ba, Umma. Lafiyata ƙalau a can. Ku daina ɗora wa nisa."

Umma ta ajiye rigar da take ninkewa. Ta ce, "In ta tafi wani abu ya faru fa? Ubanku ga hawan jini. In kira ta tana tsakiyar jarrabawa in ce mata me? In faɗa, na rusa ta. In ɓoye, ga abin da na samu." Ta nuna Yaya da haɓa. Hawaye yana zuba, ba ta share ba.

Na ce, "Ki ce min abin da ya faru."

"Ki rushe?"

"In rushe ɗin. In yi kukana, in zo in gan ku, in koma. Ba sai na dawo gaba ɗaya ba."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a falon nan ba.

Abba ya kashe talabijin. Ya ajiye rimot ɗin, sannan ya ce, "Ni ma wancan karon ban so ba. Ban dai ce ba."

Ashe a wajensa na gada. Tir.

Gwaggo ta nemi takalminta tana cewa ita ta zama muguwa ke nan, ita da ta riƙe gidan nan da haƙori, daga yau ko gobara ake ba za ta sa baki ba. Za ta dawo gobe.

Umma ba ta ce e ba. Ta kwashi kayan ninkinta ta shige ɗaki.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Har yanzu Umma ba ta ce e ba. Gwaggo ta dawo. Yaya ya yi aski.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na fito da jakata na samu Umma a bakin ƙofa da takalmin unguwa, wanda yake matse mata ɗan yatsa. Ta ce, "Wuce mana, kin tsaya kina kallona."

A ofis, shugaban makaranta ya yi ta zuba, wai abin alfahari, wai yara su ne manyan gobe. Haka zai faɗa wa uwar mai kumfa da ita ce ta zo. Umma ta bari ya gama, ta ce, "Na yarda." Sai ta juya wajen Malam Tabarau ta ce, "Malam, nan gaba in ka kira, ka ce a ba ka yarinyar."

Da muka fito ta ce, "Kuma ki ci abinci a can. Kar ki zauna kina jira a miƙo miki."

Asabar ta sama, ƙarfe tara na safe, a mota

Yaya ne ya ɗauko min akwati zuwa tasha. Ba ruwan sama, ba baƙar mota. Bas ce mai warin fetur, kusa da ni wata mata da kwali a cinya. Na-Sani tana kujerar gaba tana koya wa direba hanya. Shekara biyu zan yi da ita. Allah ya ba ni haƙuri.

Na tambaye shi ta taga ko zai koma. Ya ce, "Shigar da hannunki." Na ce ba amsa ba ce. Ya ce, "Ban sani ba tukuna. In na sani zan gaya miki."

Ya ce jan duniya ba ya ƙarewa fa, raguwa kawai yake, kada in rubuta a jarrabawa cewa yana kai sifili. Wannan ce sallamarsa. Gidanmu ke nan.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Kwalejin gadajen ƙarfe ce da ƙararrawa. Ba dogo, ba ƙamshi. Yarinyar gadon sama tana minshari da rana tsaka. Ɗakin karatun dai ya yi, ba zan ɓoye ba.

Ba a barin mu da waya, sai ranar Lahadi iyaye su kira ta wayar uwar ɗakunan kwana. Ɗazu aka ce in zo. Gabana ya faɗi tun daga matakala.

Muryar Umma a sandare, kamar mai karanta labarai. "Auta, ki tsaya ki ji. Gwaggonki ta zame a banɗaki jiya ta karya hannu. An kai ta asibiti an ɗaure. Ga ta nan a falo. Shi ke nan abin da ya faru. Na gaya miki."

Na ce, "Na ji, Umma. Allah ya ba ta lafiya."

"Kin rushe?"

"A'a."

Na ji ta sauke numfashi. Daga bayanta kuma muryar Gwaggo, da ƙarfinta: "Wa ya ce ki gaya mata? Za ki ɗaga wa yarinya hankali tana karatu! Ce mata barci nake!"

Na miƙa wayar. Uwar ɗakunan ta ce, "Lafiya dai?" Na ce Gwaggona ce ta karye. Ta leƙo ni ta saman littafinta ta ce, "Shi ne kike murmushi?"

Na rufe baki da hannu. Ya ƙi tafiya.